Birkin Da Injiniya Ya Gyara

Akwai wani kafinta da nake so mu tsaya a kan labarinsa yau, jama'ar wannan shafi. Masu mota da masu son gyara da hannunsu, ku karanta a tsanake.

Kafinta ne na gaske. In ya haɗa maka ƙofa, sai dai ginin ya tsufa ya bar ta. Amma a unguwarsu ba mai ce masa kafinta. Injiniya ake kiransa, don ba abin da ba ya taɓawa. Fanka ta tsaya, shi ne. Famfo na yoyo, shi ne. Ko rediyon maƙwabci ne ya yi shiru, sai ka ji ya ce, "Kawo nan, ai ba wani abu ba ne."

Kuma yawanci yana gyarawa. Abin da ya ɓata shi ke nan. Ya saba a yaba masa, har ya kai ba ya iya buɗe baki ya ce abu ya fi ƙarfinsa.

Matarsa malamar firamare ce, shi ma Malama yake ce mata. Manyan 'ya'yansu suna makarantar kwana, saura Auta a gida, wadda ke karatu a makarantar da uwarta ke koyarwa. Suna da wata tsohuwar mota ruwan toka. Malama ce ke tuƙa ta kullum, ita da Auta, don shagon Injiniya a bayan layinsu yake, da ƙafa yake zuwa.

Injiniya yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon direban babbar mota wanda ciwon baya ya sauke daga hanya. Kowa Yaya yake ce masa. Sun daɗe ba sa zama inuwa ɗaya, kuma dalilin bai taka kara ya karya ba. Lokacin da Injiniya ke yi wa mahaifiyarsu sabon rufi, Yaya ya ce a gaban ma'aikata, "Rufin nan ya kwanta da yawa, zai tara ruwa."

Injiniya ya ce, "Kai ka san sitiyari, ni na san katako."

Damina ta zo, rufi ya yi yoyo. Yaya bai taɓa tayar da maganar ba. Amma tun daga nan Injiniya ya daina zuwa gidansa. In sun haɗu a hanya, gaisuwa ce ta fatar baki, kowa ya wuce.

Wata rana Malama ta dawo daga makaranta ta ce, "Baban Auta, motar nan tana ƙara in na taka birki, kuma tana ja gefe ɗaya. A kai ta gareji mana."

Ya ce, "Gareji kuma? Ina raye?"

Ranar Asabar da safe ya dawo daga kasuwar kayan mota da takalman birki sababbi, da gwangwanin man birki, da kalifa biyu na gaba, wato ƙarafan nan da ke matse faifan taya idan an taka birki. Ya ɗaga motar a kan jak a tsakar gida, ya shimfiɗa kwali, ya jera sifanoni. Ya kwance tsofaffin kalifa duka biyu ya jefa a buhu, ya ɗaura sababbin. Kafin azahar ya gama, yana fito yana goge hannu.

Saura cire iska. Duk wanda ya buɗe hanyar man birki, iska ta shiga, kuma sai an fitar da ita birki zai kama. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana ciki yana taka birki, ɗaya yana gindin taya yana buɗe wani ɗan noti da ke jikin kalifa, mai ya fito da iskar.

Ya ƙwala wa Malama kira. Ta bar takardun yara da take dubawa, ta shiga motar.

"Taka. Ƙara. Ƙara. Riƙe!"

Ya buɗe notin, mai ya bi ta siririn tiyo ya zuba a kwalba. Ya rufe.

"Saki."

Haka suka yi ta yi, taya bayan taya. Da suka zagayo ya ce, "To, taka ki ji."

Ta taka. Ƙafarta ta nutse kusan ƙasa.

"Kamar soso nake takawa," in ji ta.

"Ba ki riƙe da kyau ba ne. Kina saki kafin in rufe."

"Wallahi ban saki ba."

"A sake."

Suka sake. Man da ke fita ya zama garau, ko ƙwayar iska babu a ciki, amma birki na nan lagwab. Rana ta take. Zufa na ɗiga daga haɓarsa a kan kwali. Ya haska tocila ƙarƙashin motar yana neman inda mai ke zuba, bai ga ko ɗigo ba. Ya buɗe murfin inji ya ƙara mai, ya sake kwanciya.

Malama ta ce, "Ƙafata ta mutu fa. Ga girki ban ɗora ba."

"In da kin taka yadda na ce, da tuni an gama."

Can ta leƙo ta taga ta ce a hankali, "Me zai hana ka kira Yaya? Shekara nawa ya yi yana fama da birki a hanya."

Injiniya ya fito daga ƙarƙashin motar ya dube ta.

"Sauko ki je ki yi girkinki."

Washegari Lahadi ya ci gaba shi kaɗai. Ya tokare birkin da guntun katako a jikin kujera, ya zagaya ya buɗe noti, ya dawo ya cire katakon. Ya kalli bidiyo a waya har cajinta ya ƙare. Ya zargi man, ya sayo wani. Ya zargi masta, wato babban famfon da ke tura mai zuwa tayoyi, ya tsaya yana harararta kamar za ta amsa laifi. Duk a banza.

Da la'asar ya sauke motar daga jak, ya fita da ita layin bayan gida inda ba kowa. Ya taka birki, ƙafa ta tafi ƙasa, motar ba ta ko rage gudu ba. Ya ɗaga ya sake takawa da sauri, sai ta kama. Ya gwada ya sake gwadawa, kullum haka. Takun farko babu, na biyu akwai.

Ya tsaya a gefen hanya, hannu a kan sitiyari. Ya san wannan ba gyara ba ne. Amma ya ce a ransa, ai tana tsayawa. Wataƙila in ta yi tafiya iskar ta fita da kanta. Zuwa tsakiyar mako zai lallaɓa ya kai ta wani gareji mai nisa inda ba a san shi ba.

Da ya koma gida Malama ta ce, "Ya yi?"

"Ya yi," in ji shi, ya rataye makulli a ƙusa.

Litinin da safe ya buɗe musu ƙofar gida. Auta ta shiga baya da jakarta. Malama ta tayar da motar, ta fito da baya a hankali. Da yake wurin a shimfiɗe yake kuma ba gudu, ba ta lura da komai sosai ba. Ta sauke gilashi.

"Baban Auta, na ji kamar har yanzu da ɗan laushi."

Maganar tana bakinsa. Kalma huɗu ce kawai, ki bar ta yau. Amma maƙwabcinsa na tsaye a ƙofar gida yana goge takalmi, kuma jiya ya gan shi ƙarƙashin motar har yana masa kirari.

"Sabon takalmi ne, sai ya zauna," in ji Injiniya. "Ku tafi kar ku makara."

Auta ta ɗaga masa hannu. Ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwana.

A shago ya kasa aiki. Ya auna katako ya manta awon. Ya ɗauko waya zai kira ta, ya ce a ransa ai tana tuƙi, ya ajiye. Ya sake ɗauka, sai ga wayar ta yi ƙara a hannunsa. Lambarta ce, amma muryar wani namiji.

"Kai ne mijin mai motar nan? Ka zo gangaren makaranta yanzu."

Kafin a isa makarantar akwai wata gangara, a ƙarshenta kuma wurin da yara ke tsallaka titi. Da Malama ta gangaro, ayarin yara na tsakiyar hanya riƙe da hannun juna. Ta taka birki, ƙafarta ta tafi ƙasa. Ba wanda ya gaya mata sai ta ɗaga ta sake takawa. Ta danne shi da duk ƙarfinta, ta danna ham, motar na ci gaba da tafiya. Sai ta murɗe sitiyari gefe, ta finciko birkin hannu. Motar ta hau gefen titi, ta bugi wata dattijuwa mai sharar titi, ta faɗa kwata ta jingina da katanga.

Ko yaro ɗaya ba ta taɓa ba.

Da Injiniya ya sauka daga babur, taron mutane ya fara gani. Auta na zaune a kan bencin mai sayar da lemo, an ɗaure mata goshi da ɗankwali, jini ya ɓata mata riga. Malama na zaune a ƙasa ta rungume hannunta na dama. Ana ɗaga dattijuwar nan, wadda kowa a wurin ke kira Inna, ana sa ta a wata mota, ƙafarta na lilo.

Mutane kuwa kowa da abin da yake faɗa.

"Ruɗewa ta yi."

"Totur ta taka a maimakon birki, na sha gani."

"In mutum bai iya ba, ya haƙura da tuƙi mana. Da yanzu yaran mutane ta kwashe."

Injiniya yana ji. Ya durƙusa ya ɗauki Auta, ya ce da Malama sannu. Bai ce da kowa komai ba.

Yaya ya riga shi isowa, don mai lemon ya san shi, shi ya kira shi. Yana tsaye da sandarsa a jikin motar. Injiniya ya ga lokacin da ya buɗe ƙofar direba, ya zauna da ƙyar, ya taka birki, ya ɗaga, ya sake takawa. Ya daɗe a zaune. Sannan ya fito, ya dubi ƙanensa sau ɗaya.

"Kai su asibiti," in ji shi. "Zan sa a ja motar zuwa gidana."

A asibiti aka yi wa Auta ɗinki a goshi. Malama ta karye a wuyan hannu, aka sa mata filasta. Inna mai shara kuwa ƙashin ƙaurinta ne ya karye, aka ce sai an yi aiki.

Da yamma, bayan 'yan dubiya sun ragu, Malama ta juyo a kan gado ta ce, "Baban Auta."

"Na'am."

"Anya ba gaskiya mutanen nan suka faɗa ba? Ina ta tunani. Na rantse birki na taka, amma yanzu ban sani ba. Da na ga yaran nan, kaina ya ɗauke. Ko totur ɗin na taka?"

Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido.

"Ka kwana biyu kana wahala a kan motar nan, ni kuma na je na kusa kashe 'ya'yan mutane. Ga baiwar Allah can kwance saboda ni. Ni da tuƙi har abada."

Injiniya ya gyara mata filo. Ya ce, "Ki daina tunani. Ƙaddara ce."

Abin da ya faɗa ke nan. Ya fita waje ya tsaya a jikin bango.

Washegari aka sallame su. Malama ta ƙi cin abinci. In ta rufe ido sai ta zabura. Abokan aikinta suka zo dubiya, ta riƙa ce musu, "Ku taya ni neman gafara, ruɗewa na yi." Injiniya yana tsakar gida yana ji ta taga.

Bai iya zama ba. Ya ɗauki akwatin sifanoninsa ya nufi gidan da ya daɗe bai taka ba.

Matar Yaya ce ta buɗe masa. Ta ce, "Ikon Allah, yau ka tuna hanya? Shigo, yana baya."

Motar na ƙarƙashin wata bishiya a bayan gidan, fitila ɗaya a fashe, gefen dama a lotse. Yaya na zaune a kujerar roba kusa da ita kamar mai jira. Suka gaisa. Injiniya ya tsuguna, ya rasa ta inda zai fara.

Yaya ya ce, "Faɗa mini abin da ka taɓa, tun daga farko. Kar ka tsallake komai."

Ya faɗa masa. Yaya na saurare, bai katse shi ba. Da ya gama, Yaya ya dafa sanda ya shiga motar.

"Bari mu bi ta a hankali. Ka duba tukunyar mai, ya ragu?"

"Bai ragu ba."

"To ba ya zuba ke nan." Ya taka birkin ya sake takawa har ya yi tauri, ya riƙe. "Ka ga na riƙe, bai nutse ba. Da masta ce ta lalace, da yanzu ƙafata na tafiya ƙasa a hankali. Bar zarginta. Birkin da ke laushi a takun farko ya yi tauri a na biyu, iska ce a ciki."

"Yaya, na cire iska har gwangwani biyu suka ƙare. Mai garau yake fita."

"Na ji. Amma tana nan. Bari mu gano inda ta ɓuya."

Ya sa shi ya naɗe tiyon roba na tayoyin gaba da tsumma, ya matse kowanne a hankali yadda mai ba zai wuce ba. Sannan Yaya ya taka. Tun takun farko birkin ya tsaya ƙyam.

"Ka ji? Da muka rufe gaba, ya yi tauri. Baya lafiya lau, masta lafiya lau. Iskar tana cikin abin da ka ɗaura. Cire taya."

Injiniya ya ɗaga motar ya cire tayar hagu. Ya zauna a ƙasa yana kallon kalifa. Komai a ɗaure yake tsaf, ba inda ya yi sako-sako.

Yaya ya ce daga cikin mota, "Ni bayana ba zai bar ni in sunkuya ba. Notin cire iskar, a ina yake?"

"Ga shi nan a ƙasa."

"A ƙasa?"

"A ƙasan kalifar."



Injiniya ya ci gaba da kallon notin. Sai ya tuna ma'aunin da yake daidaita katako da shi kullum a shago, mai 'yar ƙwayar iska a cikin ruwa. Duk yadda ka karkata shi, ƙwayar sama take gudu. Ya sa yatsa ya shafa saman kalifar, inda ba noti, ba ƙofa. Nan iskar ta taru. Shi kuma ya kwana biyu yana buɗe ƙasa yana zubar da mai.

Ya zagaya da sauri ya cire ɗaya tayar. Nan ma notin a ƙasa yake. Ya goge ƙarfen da tsumma, sai ga 'yar alama da aka buga a jiki. Na hagu ya ɗaura a dama, na dama a hagu. Sun shiga daidai, sun ɗauru daidai, amma a kife suke.

"Na musanya su," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"To mayar da kowanne gidansa."

Ya kwance ya musanya, noti ya koma sama. Yaya ya taka ya riƙe, Injiniya ya buɗe. Sai ga iska na fita fur-fur, kumfa na bin tiyo kamar ana hura ta. Suka yi ta yi har kumfar ta ƙare, suka koma ɗaya gefen.

"Zo ka taka da kanka," in ji Yaya.

Ya shiga ya taka. Kamar dutse.

Ya kifa kai a kan sitiyari. Aikin da bai kai tsawon shan shayi ba. Kafaɗunsa suka fara girgiza.

Yaya ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce, "Musanya kalifa ba abin kunya ba ne. Na ga makanikai masu furfura sun yi. Wannan bai dame ni ba. Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma ka dubi Allah. Lokacin da ka bar ta ta fita da motar nan, ka san birkin ba ya kamawa?"

Injiniya bai ɗago ba.

"Na sani."

Yaya ya rufe ido, ya yi salati a hankali.

"Da 'yarka a baya."

"Na ɗauka zai..."

"Bar abin da ka ɗauka. Tun a wurin na taka na ji, na yi shiru, don ba daga bakina ya kamata ta ji ba. Matata ta je dubiya ta dawo tana kuka. Ta ce matarka na cewa ita ce ta ruɗe. Matar da ta zaɓi katanga don ta tsirar da yaran mutane, ita ce ke neman gafara, kai kana tsakar gida kana ji."

Ya nuna masa ƙofa da sanda.

"Motar ta gyaru. Tashi ka je."

Ya tarar da Malama a falo, hannu rataye a wuya, Auta na barci a cinyarta. Ya zauna a ƙasa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba.

"Malama, birki kika taka. Ba ki ruɗe ba."

Ta dube shi.

Ya gaya mata komai. Kalifar da ya musanya, gwajin da ya yi ranar Lahadi, abin da ya ji da ƙafarsa, da ƙaryar sabon takalmi da ya yi mata a ƙofar gida. Bai rage ba, bai ƙawata ba.

Ta sa hannun hagu ta shafa gefen ɗinkin da ke goshin Auta.

"Na tambaye ka," in ji ta. "Na sauke gilashi na tambaye ka."

"Kin tambaye ni."

"A asibiti ma na tambaye ka. Ka ce mini ƙaddara."

Ya sunkuyar da kai.

"Karyewar hannu ba komai ba ce, zai warke. Amma ka zauna a gefen gadona kana kallona ina cewa ni ce, ka gyara mini filo. Wannan ban san inda zan ajiye shi ba."

"Ki yafe mini."

"Kar ka roƙe ni yau. In na ce na yafe yanzu, ƙarya na yi, kuma ƙarya ta ishe mu a gidan nan. Akwai wadda ta fi ni shan wahala. Je ka gaya mata."

Ya je. Inna na kwance an ɗaure ƙafar da ƙarafa, ɗanta, wani tela, na zaune a gefenta. Da Injiniya ya gama bayani, telan ya miƙe ya ci kwalarsa.

"Wato ka sani? Ka sani ka saki mota a titi?"

Injiniya bai ɗaga hannu ba. Inna ce ta ce, "Sake shi. Dukansa ba zai ɗora mini ƙafa ba."

Ya ce duk abin da magani zai ci a wuyansa yake. Inna ta kaɗa kai.

"Magani Allah zai kawo. Ni titina nake tunani. Daga gangara zuwa ƙofar makaranta nawa ne, tun yaron nan na goye. In na daɗe a kwance, wata za a ba. In na tashi kuma, ina zan nufa?"

Washegari Injiniya ya je wurin shugabar masu shara. Ya roƙe ta kada a ba kowa wurin Inna, shi zai riƙa sharewa har ta warke. Matar ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗauka wasa yake. Da ta ga da gaske ne, ta miƙa masa doguwar tsintsiya da rigar aiki mai ɗaukar ido.

Haka ya fara. Kullum da sassafe, kafin ya buɗe shago, yana gangaren makaranta yana shara. Ranar farko mai lemo ya ce, "A'a, Injiniya, lafiya?"

Ya tsaya ya jingina da tsintsiya, ya ɗaga murya yadda masu shaguna da iyayen da ke kawo yara za su ji.

"Matar da ta faɗa kwatar nan matata ce, kuma ba ta ruɗe ba. Ni na gyara birkin, na ɓata shi, na sani, na ce mata lafiya lau. In da ba ta iya tuƙi ba, da yau ba wannan maganar ake yi ba."

Duk wanda ya tambaye shi, haka yake maimaitawa. Wasu suka yi masa dariya. Wasu suka daina kawo masa gyara. Wani da ya ba shi aikin ƙofofi ya janye. Akwai safiyar da ya ji kamar ya jefar da tsintsiyar ya tafi, musamman in ya hango wanda ya sani a mota. Bai jefar ba.

Malama ta koma aiki a motar haya. Kullum tana wucewa ta gabansa, ba ta ce masa komai. An daɗe kafin magana ta dawo tsakaninsu yadda take a da, kuma ko da ta dawo, ba ta dawo duka ba. Har yau in ta daɗe tana rubutu a allo, wuyan hannun na yi mata tsami. Auta na da tabo a goshi.

Watanni suka shuɗe. Wata safiya yana cikin shara, sai ga Inna tafe, ɗanta na riƙe da ita. Ta warke, amma tana ɗingishi, kuma likita ya ce da shi za ta ƙare. Injiniya ya tsuguna ya gaishe ta, ya kasa kallon ƙafar.

Ta miƙa hannu, ya ba ta tsintsiyar. Ta dubi titin daga sama har ƙasa, ta taɓa wani tarin yashi da ya bari a bakin kwata.

"Sharar taka ba ta da kyau," in ji ta. "Amma an ce mini ko rana ɗaya ba ka fasa ba. Tashi, ɗana. Je ka buɗe shagonka."

Darasi: Kuskure a aiki kowa na yi, kuma sau da yawa gyaransa ɗan ƙarami ne in an tambayi wanda ya sani. Abin da ke jawo bala'i shi ne ka san abu bai yi ba, ka ce ya yi don kar a raina ka, wani ya ɗauki maganarka ya hau hanya da ita. In birkinka ya yi laushi bayan gyara, kada motar ta fita ƙofar gida sai an gano dalili. In kuma ka yi laifi, kada ka bar wani ya kwana yana zargin kansa a madadinka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda makullin motarsa ke rataye yanzu, yana shirin cewa ya yi.